Baƙon da Ya Sayi Ƙarshen Yaƙi

Ku matso nan, ku rage fitilar. Wanda bai yi bismilla ba ya yi a zuciyarsa. Kai na bakin ƙofa, janyo ƙafarka ciki.

Akwai wani mutum ana ce masa Hambali. Ɗan Inna Tabawa ne, mai daddawar nan ta bakin kasuwa, wadda tun da mijinta ya rasu ba a taɓa jin wani ya kayar da ita a ciniki ba. Shi kuwa ɗan bai gado ta ba. Allah ya ba shi baki, bai ba shi riƙo ba. Ko hular kansa ka taya, kafin ka rufe baki ya cire ya miƙa maka.

Sana'arsa fassara. Katun ɗin nan na mutanen Japan, masu manyan idanu da gashi tsaye kamar ƙaya, shi yake sa musu Hausa a baki, masu tura fina-finai a waya su karɓa su watsa gari. Ba ya jin yarensu ko na gaisuwa. Turancin da ake rubutawa a ƙasan hoton ma rabi yake kamawa, rabi ya cike da nasa. Amma murya kam, ba a magana. Shi ne tsoho, shi ne budurwa, shi ne dodo, shi ne jaririn da dodon zai haɗiye. Duk daga maƙogwaro ɗaya.

Ɗakin aikinsa yana can ƙuryar wata tsohuwar filaza, bayan kasuwar 'yan waya. Ba taga. An manne bangon da soso da kiret ɗin ƙwai tun daga ƙasa har rufi, don kada hayaniyar waje ta shiga cikin ɗauka. Ƙofar ma an yi mata rigar soso. In ka shiga ka rufe, ko kiran salla ba ka ji. Inna Tabawa ta taɓa leƙawa, ta ce ɗakin da ihu ba ya fita kabari ne, ko da an sa masa fanka. Hambali ya yi dariya. Sai kasuwa ta tashi, injinan wutar maƙwabta sun yi shiru, sannan yake fara aiki. Shi kaɗai.

Abin da ya yi masa suna wani dogon katun ne na yaƙin matsafa. Gidaje biyu ne, shi ya raɗa musu suna: Gidan Toka da Gidan Raɓa. Na Toka da wuta suke tsafi, shugabansu wani tsoho, Baba Toka. Na Raɓa da ruwa, shugabarsu Uwar Raɓa. Tsofaffin nan biyu ba sa mutuwa, 'ya'yansu da jikokinsu ne ke ƙarewa. Akwai wata ƙofa a gindin dutse da take buɗewa sau ɗaya a kowane zamani. Kowane gida na son ya riga shiga, ba kuwa wanda ya san abin da ke ciki. Duk sanda ta buɗe, sai a gwabza.

To masu katun ɗin ba su fito da shi a jere ba. Sun fara da Yaƙin Gada. Da ya karɓu sai suka koma baya suka yi Yaƙin Madubi, na iyayen waɗancan. Suka tsallaka gaba wajen jikoki, Yaƙin Ƙanƙara. Samari har dambe suke yi a gidan kallo kan wanne ne farko, wa ya haifi wa, wa ya fara tsokana. In gardama ta yi zafi sai a ce a je a tambayi Hambali. Shi kuma kansa ya kumbura.

Ran nan yana cikin aiki, abin ji a kunne, yana muryar Baba Toka, sai ya ji sanyi a ƙeyarsa. Ya waiwaya. Mutum ne zaune a kan benci. Dogo, cikin farar riga, hannuwa a kan gwiwa. Ƙofa a rufe. Hambali ya tuna sarai ya sa sakata, amma ya ce a ransa ƙila mantawa ya yi.

Baƙon bai yi sallama ba. Ya dai ce sannu da aiki, ya ce shi mai kallo ne daga bayan gari. Ya yabi fassarar, ya yabi muryoyin, ya kawo wuraren da Hambali kansa ya manta ya yi su. Yabo kuwa shi ne igiyar Hambali. Nan da nan ya saki jiki, har da miƙa masa ruwan leda. Baƙon bai taɓa ba.

"Labarin yaƙin nan nake so," in ji baƙon. "A jere. Daga farkonsa har ƙarshensa. Ka sayar mini?"

"Wannan ai a kaina yake. Na sallama."

Kun ji fa. Ba a taya ba. Bai ce albarka ba, bai tambayi me za a ba shi ba, bai ko dubi mai sayen da kyau ba. Ko albasa ba a sayarwa haka.

"Na saya," in ji baƙon.

A nan ne Hambali ya lura. Bakin mutumin ya riga ya rufe, sannan maganar ta fito. Leɓe daban, murya daban, kamar fassarar da ba ta hau ba. Ya dubi bakin ƙofa, inda baƙon ya tuɓe takalmansa. Na fata ne, masu kyau. Duka biyun na ƙafar hagu.

Ya ce bari ya kama ruwa ya dawo. Baƙon bai hana shi ba. Ya zare sakata, ya buɗe, ya taka waje. Sai ga shi a cikin ɗakin. Ga benci, ga kwamfuta, ga soso, ga baƙo. Ya juya ya sake fita. Ɗakin ne dai. Ya ƙwalla ihu, soso ya shanye. Ya ciro waya, ba sabis, agogon ya tsaya cak. Ya fara jawo duk addu'ar da ta zo bakinsa. Baƙon ya jira shi har ya gama.

"Addu'a azzalumi take kora," ya ce. "Ni mai saye ne. Kai ka sallama. Zauna ka ba ni kayana. In labari ya ƙare, ƙofa ta zama ƙofa."

Hambali ya zauna. Ya lallashi kansa cewa abin mai sauƙi ne, yaƙi uku ne, ya san su kamar yunwar cikinsa. Ya fara da na Madubi. Mai hali ba ya fasa halinsa, ko a cikin tsoron ma sai da ya riƙa yin muryoyin, yana kurin dodo, yana kukan jariri. Baƙon ya sunkuyo gaba, ko ƙifta ido ba ya yi.

Da ya kai ƙarshen yaƙin, sai ya ga takalman bakin ƙofa sun ƙaru. Wani ɗan guntun mutum na zaune a gindin bango, ba wanda ya ga shigowarsa. Ya buɗe baki ya ce a ci gaba. Da muryar dodo ya faɗa. Muryar Hambali ce, wadda ya yi shekaru yana gyarawa. Hambali ya laluba maƙogwaronsa ya nemi dodon. Babu. Kamar haƙorin da aka cire, sai gurbi.

Ya shiga Yaƙin Gada. Ya fita ba muryar jariri. Ya shiga na Ƙanƙara. Ya fita ba muryar budurwa. Masu sauraro suna ta ƙaruwa. Ɗakin bai ƙara faɗi ba, amma yana ɗaukarsu. Wasu sun jeru a bangon dama, wasu a na hagu, ba mai kallon wani. Na dama warin toka mai sanyi suke yi. Na hagu warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Iyakarsa ke nan," in ji Hambali. "Ya ƙare."

Baƙon ya nuna kwamfuta da haɓa. Wani sabon zango ne ya fito a fuskarta, wanda Hambali bai taɓa gani ba. Yaƙin kakanni, tun kafin na Madubi.

"Ka ce Madubi ne farko. Ga wanda ya riga shi."

Ya kalla, ya fassara. Yana gamawa, wani ya fito, na tattaɓa-kunne. Bayansa wani, wanda ya riga na kakannin. Bayansa kuma wani, inda waɗanda suka mutu a Gada ba su mutu ba, aka sake yaƙin daga tushe. Duk inda ya ce nan ne farko, sai a tono masa wani a ƙarƙashi. Duk inda ya ce nan ne ƙarshe, sai ƙofar dutsen ta sake buɗewa. Sai yanzu ya gane abin da ya sayar. Masu katun ɗin ba su da niyyar gamawa. Muddin ana kallo, suna ƙarawa.

Ya gwada roƙo. Ya ce shi fa dillali ne kawai, masu kayan suna can ƙasarsu, su ma ba su san ƙarshen ba. Baƙon ya ce dillalin da ya sallama kayan da ba nasa ba, daga jikinsa yake cikawa.

Fanka na juyawa, iska ba ta zuwa. Ruwan ledar ya ƙare tuni. Ya shafa haɓarsa ya ji gemu ya tofo. Ko dare ne a waje, ko rana, oho. Gwiwoyin baƙi sun matse shi ta ko'ina, sanyi ƙalau kamar randa. In ya yi shiru don ya huta, sai su yi ta gunaguni da muryoyinsa, dodo na magana, budurwa na amsawa.

Muryar Uwar Raɓa ta tafi wajen wata gajeriyar mace a bangon hagu, mai lulluɓi har ƙasa. Ta Baba Toka ta tafi wajen wani ƙato a bangon dama, wanda kansa ke gogar rufi. Da waɗannan biyun suka tafi, Hambali ya ji maƙogwaronsa fayau, kamar gidan da aka kwashe kaya. Saura guda. Tasa ta kansa, wadda yake kiran Inna da ita. Ita ma ta sirance.

"Ci gaba," in ji baƙon. "Akwai saura a wuyanka."

Hambali ya sunkuyar da kai. Ya san in ya ƙara yaƙi ɗaya, shi ke nan. Bebe a ɗakin da ba ƙofa.

Da ya sunkuya ɗin ne uwarsa ta faɗo masa a rai. Yana yaro yakan zauna kusa da farantinta, bai taɓa ɗaukar abin da take yi da muhimmanci ba. Ita ba ta kallon bakin mai saye. Baki maƙaryaci ne, in ji ta. Ƙafa take kallo. In yatsun ƙafar sun fuskanci hanya, sai ta sassauta, don mai tafiya ne. In kuwa ƙafar ta kafe a gaban faranti, to ko zai yi rantsuwa da kabarin ubansa ba ta rage masa komai.

Ya dubi ƙafafunsu. Ba zan gaya muku kamarsu ba, kuna da barcin da za ku yi. Abin da ya gani dai shi ne duk sun nutse a cikin siminti har idon sawu, sun fuskanci kwamfuta. Takalman bakin ƙofa ƙura ta rufe su. Ya ɗaga kai ya dubi idanunsu. Jajaye, sun ƙanƙance, irin na wanda ya daɗe bai runtsa ba.

Ashe ba shi kaɗai ne a ɗaure ba. Tun daga bayan katangar gidan kallo suka fara sauraron muryarsa, labarin ya kama su, suka rabu gida biyu, har 'yan'uwa ba sa ga maciji. Kuma irinsu ba sa iya tashi su bar labari a buɗe. Sun fi shi matsuwa.

"Ci gaba," baƙon ya sake cewa.

"Albarka," in ji Hambali.

Fanka ta tsaya.

Baƙon ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Ya ce in bai ci gaba ba, za su karɓi muryar da ƙarfi.

"Ku karɓa. Bebe ba ya ƙarasa labari. Sai mu zauna tare har a busa ƙaho."

Fuskar Hambali ta Inna Tabawa ce sak. Ya ce masu katun ba za su taɓa ba su ƙarshe ba, shi kaɗai ne zai iya, don shi ke sa wa mutanen nan magana a baki tun farko. Ɗaki ya ɗauki gunaguni. Gajeriyar macen ta ce wa baƙon, da muryar Uwar Raɓa, ya ji abin da yaron yake so.

Aka zauna ciniki, irin wanda ya kamata a yi tun da fari. Baƙon ya taya da zinariya cike da buhu. Albarka. Ya taya da harsunan duniya duka, har na masu katun ɗin, ya ji su kamar Hausa. Nan fa zuciyar Hambali ta motsa, amma ya cije. Albarka. Ya ce ƙofa yake so, da muryarsa, da sauran muryoyin da aka ɗauka. Baƙon ya ce abin da aka riga aka biya ba ya dawowa. Hambali ya kashe fuskar kwamfuta, ya juya musu baya, kamar yadda Inna take rufe faranti da faifai in mai saye ya raina mata kaya. Ƙaton nan ya yi wani nishi da ya girgiza soso. Aka ja, aka ja. Muryoyin dai ba su dawo ba, ya ga iyakar ke nan. Aka tsaya a kan ƙofa da muryarsa ta kansa.

"Ƙofa tukuna," in ji Hambali.

Ya zare sakata. Warin kwata ya bugo shi, can nesa kare na haushi. Bai taɓa jin ƙamshi irin na kwatar nan ba. Ya sa ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki. Ya miƙa hannu ya kunno wurin nan na Yaƙin Gada, inda tsofaffin biyu suke tsaye a tsakiyar gada suna yi wa juna tsawa. Ya kashe sautin. Ya ce shi ba shi da muryoyinsu yanzu, don haka waɗanda suka karɓa su za su yi aikin. Abin da ya raɗa, su maimaita.

Ya raɗa wa ƙaton. Ƙaton ya faɗa da muryar Baba Toka.

"Ke tsohuwa. Wa ya fara?"

Ya raɗa wa macen.

"Na manta."

Ya raɗa wa ƙaton. Ƙaton ya juya a hankali, ya dubi bangon hagu. Tun da suka shigo bai dubi wajen ba sai yanzu.

"Ni ma na manta."

"Me ke bayan ƙofar dutsen?" in ji macen.

"Ban sani ba. Wanda ya haife ni ma bai sani ba."

"To mu tafi gida. Yara na jin yunwa."

A fuskar kwamfuta tsofaffin na jifan juna da wuta da ruwa. A Hausa kuwa sun shirya. Wani a cikin duhu ya fashe da kuka, da muryar jariri.

Sai Hambali ya yi abin da uwarsa take yi in yara sun hana ta barci da a ƙara, a ƙara. Duk inda tatsuniya ta kai, nan take datse ta, ba kuma mai sake tambaya. Ya ɗaga 'yar muryar da ta rage masa ya ce ƙurunƙus.

Kwamfuta ta mutu. Ya ji siminti na saki, ƙafa bayan ƙafa. Takalma suka riƙa ɓacewa bibbiyu, iska mai sanyi na wuce shi ta ƙofa. Aka bar baƙon farko, tsaye, yana sa nasa.

"Ciniki ya yi kyau," ya ce. "Saura gyara."

Kun san ba a hana mai saye gyara. Ko Inna Tabawa ba ta hanawa.

"Kaɗan," in ji Hambali.

Baƙon ya miƙo yatsu biyu masu sanyi, ya tsinci wani abu tsakanin leɓensa da maƙogwaronsa, kamar mai ɗiban gishiri. Ya wuce.

Hambali ya fito gari ya waye. 'Yan filaza suka watse da suka gan shi. Ashe an daɗe ana nemansa. An ɓalle ƙofar ɗakin tun tuni, ba a ga kowa ba sai ƙura. Har an fara zuwa yi wa uwarsa gaisuwa, ta kore su, ta ce ba ta ga gawa ba. Ta ɗauke farantinta daga kasuwa ta dawo da shi bakin filazar, nan take wuni.

Tana zaune ya tsaya a gabanta. Ya buɗe baki ya kira ta. Leɓensa ya motsa, ya rufe. Sannan kalmar ta fito.

"Inna."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, ba a gaban 'yan kasuwa ba. Ta tambaye shi me ya bayar, me ya karɓo. Ya gaya mata duka, maganar na bin bakinsa a baya kamar akuya da igiya.

"Gyaran ya yi yawa," ta ce. "Amma jarin ya dawo gida."

Ta rufe faranti, ta kama wuyan hannunsa. Har suka isa gida ba ta saki ba.

Fassara kam ta ƙare masa. Wanda maganarsa ba ta hau bakinsa ba, ina zai hau da ita bakin wani? Yanzu yana nan gefen uwarsa, shi ke riƙe da faranti. In kun je sayen daddawa za ku gan shi, ba ya kallon fuskarku, ƙafarku yake kallo. In kun gaishe shi ku ɗan jira, amsar na tafe. Kada wanda ya yi dariya.

Ɗakin kuwa har yau ba wanda ya sake kama shi haya. Masu gadi sun ce wani lokaci sukan ji hira a ciki, tsoho da tsohuwa suna taɗi, jariri na dariya.

Saboda haka kada in ji ɗayanku ya kulle kansa shi kaɗai a inda ihu ba ya fita. In kuma wani ya zo muku da yabo yana neman ku sayar, ku dubi bakinsa, ku dubi takalmansa, ku ce albarka tukuna.

Ku tashi ku kwanta. Wayar nan da ke haske a ƙarƙashin bargo, a kashe ta.